Uku Babu Jagora: Tashe da Watsewar Ƙungiyar Remedies

A tarihin kiɗa da waƙa na Najeriya, shekarun da suka faro daga 1997 zuwa 2002 su ne lokacin da waƙar matasa ta sauya kama, domin a cikinsu ne samarin birane suka daina ɗaukar kiɗan Amurka a matsayin abin da ake saurare daga nesa, suka shiga ƙera nasu da harsunan da suke magana da su a gida da makaranta da kasuwa. Ƙungiyar da aka fi danganta buɗe wannan ƙofa gare ta ita ce Remedies, ta samari uku, wato Eedris Abdulkareem da Tony Tetuila da Eddy Montana, wanda kuma ake kira Eddy Remedy. Ta kafu a Legas a 1997, ta fitar da kundi ɗaya, wato tarin waƙoƙin da ake haɗawa a kaset ko faifai guda wanda 'yan kasuwa ke kira albam, sannan ta watse ba tare da ta haura shekara biyar ba. Labarinta ya shafi mai karatu na ƙasar Hausa ta fuska biyu: ɗaya daga cikin ukun haifaffen Kano ne kuma a can ya tashi, sannan abin da ya raba su tambaya ce da makaɗan Hausa suka daɗe da ba ta amsa a nasu tsarin, ita ce tambayar wane ne mai ƙungiya, kuma a hannun wa rabo yake.

Kafin a fahimci yadda samari uku marasa kayan kiɗa suka yi irin wannan tashe, sai an duba halin da sana'ar take ciki a lokacin. Tun bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan kiɗa da na ɗaukar murya, waɗanda duk daga waje ake shigo da su, suka fi ƙarfin mai ƙaramin hali, kuma manyan kamfanonin faifai na Turai da suka riƙe kasuwar shekara da shekaru suka tattara nasu ya nasu; reshen PolyGram ya koma hannun 'yan ƙasa da sunan Premier, na EMI kuma ya zama Ivory. Satar fasaha, wato buga kaset ɗin mawaƙi a sayar ba da izininsa ba, ta zama ruwan dare, kuma kasuwar Alaba da ke Legas ta zama cibiyar rarraba waƙa ta halal da ta haram gaba ɗaya. Kiɗan rege na su Majek Fashek da Ras Kimono, wanda ya mamaye ƙarshen shekarun 1980, ya fara ja da baya, manyan taurarinsa da dama suka ƙaura ƙasashen waje, sannan a ranar 2 ga Agusta 1997 Fela Anikulapo-Kuti ya rasu. Matashin da ke zuwa gidan biki ko taron ɗalibai a wannan zamani, a Legas ne ko a Jos ko a Bauchi, kusan duk abin da zai ji daga Amurka ya fito, ko kuma daga Kongo, wadda kiɗanta na rawa ya samu karɓuwa ƙwarai a lokacin.

Abin da ya sauya lissafi ba daga ɗakin ɗaukar waƙa ya fito ba, daga dokar yaɗa labarai ya fito. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talbijin, abin da a da gwamnati ce kaɗai ke da shi. A 1994 Raymond Dokpesi ya buɗe Raypower a Legas, gidan rediyo mai zaman kansa na farko a ƙasar, a 1996 kuma ya biyo da gidan talbijin na AIT. Cikin waɗanda suka riƙe shirye-shiryen kiɗa a waɗannan gidaje akwai Kenny Ogungbe da Dayo Adeneye, waɗanda masu sauraro suka sani da Keke da D1, kuma a 1998 aka kafa kamfanin waƙa na Kennis Music a ƙarƙashin jagorancin Ogungbe. Wannan haɗuwa ta iko biyu a hannu ɗaya, wato ikon sa waƙa a iska da ikon mallakar mawaƙi, ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya, domin wanda ya yanke shawarar waƙar da miliyoyin mutane za su ji da safe shi ne kuma wanda zai ci ribar shahararta da yamma. Remedies ita ce ƙungiyar farko da wannan sabon tsari ya ɗaga sama.

An haifi Eedris Abdulkareem a Kano a ranar 24 ga Disamba 1974, mahaifinsa mutumin Ilesha ne, mahaifiyarsa kuma daga Jihar Ogun, kuma ya tashi cikin al'ummar Yarbawan Kano, wadda tarihinta ya girmi Najeriya kanta, tun daga fataken da suka zauna a unguwar Ayagi cikin ganuwa har zuwa ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ƙasa ya kawo Sabon Gari a farkon ƙarni na ashirin. Yaron da ya tashi a irin wannan muhalli yakan mallaki harsuna uku ko huɗu ba tare da ya shiga aji dominsu ba, ya yi Yarbanci a gida, Hausa a layi, Turancin buroka a kasuwa, Turancin boko a makaranta, kuma wannan sabo da tsallakawa daga harshe zuwa harshe a cikin zance guda shi ne jarin da Eedris ya sauka Legas da shi. Bai taɓa ɓoye cewa Kano ce ta raine shi ba, yana jin Hausa, yana kuma kiran kansa ɗan Kano. Tony Tetuila, wanda sunansa na yanka Anthony Awotoye, ɗan garin Oro ne a Jihar Kwara, kuma an fi gane shi da gashin kansa da yake rinawa ya koma ruwan zinariya. Eddy kuwa shi ne mai zaƙin murya a cikinsu, wanda ke ɗaukar amshi, yayin da Eedris ke yin ɓangaren da ake kira raf, wato jero magana mai kari da amsa-amo a kan bugun kiɗa ba tare da rerawa ba. Bahaushe bai rasa abin da zai kwatanta wannan salo da shi ba, domin 'yan gambara sun daɗe suna zuba irin wannan magana mai sauri a kasuwanni, cike da barkwanci da zambo, shi ya sa wasu manazarta na Arewa ke kiran raf gambarar zamani.

Waƙar da ta fito da su ita ce «Shakomo», wadda ta game gari wajen 1998. Kiɗanta ba nasu ba ne; an ɗauko shi daga waƙar «Keep On, Keepin' On» ta mawaƙiyar Amurka MC Lyte, wadda ta fito a 1996, ita ma kuma an gina nata kiɗan a kan wani yanki na «Liberian Girl» ta Michael Jackson. Ɗebo guntun kiɗan wani a ɗora sabuwar waƙa a kansa sanannen abu ne a al'adar hip-hop, wato salon kiɗa da rawa da sutura da baƙaƙen fatar New York suka ƙirƙira a shekarun 1970, don haka ba a nan sabon abu yake ba. Sabon abin shi ne cewa a kan kiɗan da kunnen matasa ya riga ya saba da shi daga Amurka, sai ga amshi da Yarbanci, ga Turancin buroka, ga lafazin da ba a yi ƙoƙarin ɓoye asalinsa ba, kuma ga gidan rediyon da yake shirye ya sa waƙar sau da yawa a yini. Adalci ne a ambata cewa ba su ne suka fara gwada haka ba, domin Junior da Pretty sun yi raf da buroka tun farkon shekarun 1990, kuma Trybesmen ta su eLDee tana tasowa a daidai lokacin. Sai dai waɗancan na farko sun zo kafin a samu kafar da za ta ɗauke su, Remedies kuwa ta zo a kan gaɓa. Kundinsu mai suna «Peace Nigeria» ya fito a daidai lokacin da ƙasar ke fita daga mulkin soja, bayan rasuwar Janar Sani Abacha a watan Yunin 1998 da kuma shirin miƙa mulki da ya kai ga rantsar da Olusegun Obasanjo a ranar 29 ga Mayu 1999, kuma ba a raba karɓuwar da ya samu da wannan yanayi na sakin jiki da ya biyo bayan shekarun ƙunci.

A Arewa waƙar ba ta bi hanya ɗaya ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun makara wajen kafuwa a nan, Freedom Radio ma sai a 2003 ta fara aiki a Kano, saboda haka kaset da talbijin da ɗalibai su ne suka yi dakon sabon salon. A gari irin Bauchi, wanda ya zama babban birnin jiha a 1976 kuma ya cika da ma'aikatan gwamnati daga sassa daban-daban, unguwar GRA tana da matsayi na musamman a wannan sha'ani. Asalin irin wannan unguwa shi ne wurin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu nesa da ganuwa, kamar yadda Nasarawa take a Kano, bayan 'yancin kai kuma manyan ma'aikata da alƙalai da likitoci da jami'an tsaro suka gaje ta. A gidajenta ne na'urar bidiyo da setilayit suka fara zama kayan ɗaki, kuma yaran da suka tashi a cikinta, waɗanda makarantarsu ta haɗa su da 'ya'yan Yarbawa da Ibo da mutanen Filato, su ne suka fi kowa kusanci da kiɗan Amurka. A wurin irin waɗannan yara, da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Yelwa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, ganin ɗan Najeriya a talbijin yana yin abin da suka ɗauka sai Ba'amurke, kuma a ce ɗan Kano ne, ba ƙaramin abu ba ne. Kusancin Jos ma ya taimaka, domin tazarar da ke tsakani kimanin kilomita 130 ce, kuma garin da ya haifi 2Face Idibia, ya raini tagwayen P-Square, ya kuma fitar da M.I da Ice Prince, ya daɗe yana zama mashigar sabon kiɗa zuwa Arewa maso Gabas. Daga waɗannan wurare kaset ya gangara zuwa shagunan kasuwar Wunti da sauran kasuwannin Bauchi.

A nan ya kamata a tsaya a dubi ginin ƙungiyar, domin a cikinsa ɓarakar take tun ranar farko. Ƙungiyar kiɗa ta Hausa, ta fada ce ko ta jama'a, ba taron tsara ba ce. Tana da jagora ɗaya wanda sunansa shi ne sunanta, a bayansa akwai 'yan amshi da makaɗa, akwai kuma sanƙira mai yi wa waƙa shimfiɗa da kirari. Duk abin da aka samu, riga ce ko doki ko mota ko kuɗi, hannun jagora yake shiga, shi ne kuma mai rabawa gwargwadon matsayin kowa, kamar yadda ɗawainiyar aurensu da sunansu da rashin lafiyarsu take kansa. Yaron da muryarsa ta nuna yakan yi shekaru yana amshi kafin ya nemi sallama ko a sallame shi ya kafa tasa, kuma ko Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da duk ɗaukakar da ya samu kafin rasuwarsa a 1991, a cikin ƙungiyar gidansu ya fara a matsayin mabiyi. Wannan tsari yana da nasa zalunci, domin ɗan amshi na iya tsufa ba a san sunansa ba, amma yana da amsa bayyananniya ga duk wata tambaya ta rabo da iko, yana kuma da ƙofar fita wadda ba sai an yi baram-baram ba. Shi ya sa Alhaji Mamman Shata ya shafe fiye da rabin ƙarni da kalangai a bayansa, makaɗa na zuwa suna tafiya, ƙungiyar tana nan, har ya rasu a ranar 18 ga Yuni 1999, a daidai lokacin da Remedies ke tsakiyar tashenta. Manyan ƙungiyoyin kiɗan zamani na ƙasar ma a kan wannan turba suka ginu: ta Bala Miller a Kaduna, ta King Sunny Ade, da ta Fela, wadda fitaccen mai gangarta Tony Allen ya bar ta a 1979 saboda saɓani kan kuɗi, amma Fela ya ɗauki wasu ya ci gaba, tunda suna da kayan kiɗa duk nasa ne.

Remedies ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai. Mutum uku ne tsara, babu wanda ya koya wa wani sana'a, babu wanda ya ɗauki wani aiki, babu kuma kayan kiɗan da wani ya mallaka waɗanda za su sa sauran su dogara da shi, tunda kiɗan a situdiyo ake haɗa shi da na'ura, a dandali kuma faifai ake sakawa su hau kai. Wanda ba ya buƙatar mai ganga ko mai garaya domin ya yi wasa, ba abin da ke riƙe shi da abokin tafiya sai yarda da juna kawai. Ubangidan gaskiya yana wajen ƙungiyar, shi ne kamfani, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun yana iya isa gare shi kai tsaye ba sai ta hannun 'yan uwansa ba. Ga shi kuma hanyar samun kuɗi ƙunci gare ta: a tsarin Alaba, dillali yakan biya kuɗi dunƙule sau ɗaya ya karɓi uwar faifai ya yi ta bugawa, abin da ya rage wa mawaƙi shi ne kuɗin wasa a dandali da bukukuwa, kuma mai shirya wasa ba ya ninka farashi sau uku don kawai mutum uku ne za su hau. Duk wanda ya ga cewa jama'a shi suke yi wa shewa, dole wata rana ya yi wa kansa lissafin abin da zai samu in da shi kaɗai ne, kuma a ƙungiyar da ba a yi yarjejeniya kan wa ke gaba ba, kowa na iya ganin cewa shi ne.

Tony Tetuila ne ya fara fita, ba da daɗewa ba bayan fitowar kundin, kuma ba a rabu da daɗi ba. Shaidar haka tana cikin waƙarsa ta farko shi kaɗai, «Omode Meta», sunan da ke nufin yara uku da Yarbanci, wadda jama'a suka fahimta nan take a matsayin martani ga tsofaffin abokansa. Ya gayyato wata sabuwar ƙungiya mai suna Plantashun Boiz ta taya shi, kuma ta nan ne mutane da yawa suka fara jin muryar 2Face, wanda yake ɗan ƙungiyar ne. Eedris ya mayar da martani da «Wackawickee MCs», wadda ta shiga kundinsa na farko, «P.A.S.S.», na 2002, inda ya haɗa Tetuila da waɗanda suka taya shi ya yi musu kaca-kaca. A ma'aunin adabin Hausa, abin da suka yi ya faɗa tsakanin habaici, wato suka a kaikaice wadda mai ita kaɗai da masu lura ke gane inda ta dosa, da zambo, wato muzanta mutum ta hanyar siffanta shi yadda ba mai shakkar wanda ake nufi. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. Makaɗin fada yakan yi zambo ne ga abokin hamayyar ubangidansa, ɗan sarkin da ke neman gadon sarauta ko hakimin da ke ja da shi, domin ya ɗaukaka gidan da yake ci a ciki. A nan kuwa mai zambo da wanda ake yi wa duk 'yan gida ɗaya ne, domin Tetuila bai bar Kennis Music ba da ya bar Remedies, kuma a can Eedris da Eddy suka fitar da nasu ayyukan bayan su ma kowa ya kama gabansa. Gidajen rediyon da suka sa waƙar suka su ne suka sa ta martani.

Ba a buƙatar zargin kowa da ƙulla makirci kafin a ga wanda ya amfana. Kamfanin da yake da ƙungiya ɗaya ya wayi gari da taurari uku, kowanne da kundinsa da masoyansa, ga kuma rigimar da ke sa jama'a sauraron kowane sabon faifai don jin abin da aka ce. Tetuila, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne zai fi shan wahala bayan rabuwar, shi ne ya fara cin kasuwa da «My Car», wadda ta ƙetare iyaka har Gana da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kuma yi aiki da mawaƙin Gana Tic Tac. Bayan 'yan shekaru kaɗan labarin ya maimaita kansa kusan tiryan-tiryan: Plantashun Boiz ta 2Face da Blackface da Faze, wadda ta fitar da kundi a 2000 da wani a 2003, ta watse a 2004, a shekarar kuma 2Face ya fitar da kundinsa na farko a Kennis Music, ɗauke da «African Queen», wadda rigimar wanda ya rubuta ta ta daɗe tsakaninsa da Blackface. Trybesmen ma ba ta kai labari ba. Idan abu ɗaya ya faru ga ƙungiyoyi uku a gari ɗaya cikin shekaru kaɗan, ya fi kyau a nemi dalilinsa a tsarin kasuwa maimakon a halin mutum ɗaya, ko da yake zafin zuciya da gasar ƙuruciya sun taka tasu rawar.

Kwatanci da abin da ke faruwa a Ingila a daidai waɗannan shekaru yana ƙara fito da siffar al'amarin. Tsakanin 1994 da 1997 an yi wani yayi a can da ake kira Britpop, wato kiɗan jita na matasan Birtaniya waɗanda suka gaji da mamayar kiɗan Amurka suka koma rera waƙa da lafazinsu kan rayuwar garuruwansu, kuma ƙololuwarsa ita ce gasar da aka yi tsakanin Blur da Oasis a watan Agustan 1995. Manufar, kamar yadda ake gani, ba ta da nisa da ta samarin Legas. Cikin ƙungiyoyin da wannan yayi ya haifa akwai Menswear, wadda ta kafu a unguwar Camden ta Landan a 1994, mujallar Melody Maker ta sa hotonta a bango tun kafin ta fitar da faifai ko ɗaya, kamfanoni suka yi rububin ɗaukarta, ta fitar da kundinta na farko a 1995, amma na biyu bai samu fita ba sai a Japan kaɗai a 1998, shekarar da ta watse. Kafafen yaɗa labarai ne suka ɗaga ƙungiyoyin biyu cikin ƙanƙanin lokaci, tsawon rayuwarsu ma kusan ɗaya ne, amma sanadin mutuwarsu kishiyar juna ne. Menswear ta mutu ne domin yayin da ta shigo ciki ya wuce, kasuwa ta tashi ta bar ta. Remedies kuwa ta watse ne domin kasuwar da ta buɗe ta yi faɗin da kowane ɗaya daga cikin ukun ya ga zai iya kafa rumfarsa.

A ƙasar Hausa kanta, shekarun watsewar Remedies sun zo daidai da wani juyi na daban. Fim ɗin «Sangaya» na 1999 ya tabbatar da cewa waƙar fim ita ce sabuwar waƙar matasan Hausa, kuma kayan aikinta shi ne fiyano ɗin Yamaha, wanda mutum ɗaya ke fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga cikinsa, ta yadda a nan ma na'ura ta maye gurbin taron makaɗa. A lokaci guda kuma jihohi suka shiga ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Zamfara a gaba, Kano a 2000, Bauchi a 2001 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka kuma kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, abin da ya rage wasannin dandali ya mayar da harkar waƙa cikin situdiyo. Ƙungiya tana rayuwa ne da dandali, don haka ƙasar ba ta yi wa irin wannan shuka daɗi ba. Masu gambarar zamani da Hausa da suka yi suna daga baya, irin su Nazir Ahmad Hausawa da ake kira Ziriums a Kano, da ClassiQ da B.O.C Madaki waɗanda Jihar Bauchi ta fitar, kowannensu da sunan kansa aka san shi, kuma ko Yaran North Side ta Kaduna, wadda DJ AB ya fito daga cikinta, ta fi kama da gungun abokai masu taya juna aiki, kowa na riƙe da sunansa da waƙoƙinsa, fiye da ƙungiya mai murya ɗaya da aljihu ɗaya.

Cikin ukun, Eedris ne ya fi nisa da inda aka faro. A 2002 wani mai raf, Ruggedman, ya soke shi a waƙa da cewa raf ɗinsa kwaikwayon sautin Amurkawa ne ba ma'ana, kuma ko mene ne tasirin wannan suka, ayyukansa na gaba sun karkata ga magana a fili kan abin da ke damun jama'a. «Mr. Lecturer» ta taɓo cin zarafin ɗalibai mata da wasu malaman manyan makarantu ke yi, batun da ɗaliban kowace jami'a a ƙasar suka san shi amma ba a cika furta shi ba, sai kuma «Jaga Jaga» ta 2004, wadda ta siffanta lalacewar al'amuran ƙasa har Shugaba Obasanjo ya fito ya nuna fushinsa, aka hana sa ta a rediyo, jama'a kuma suka ci gaba da jin ta a kaset da wuraren biki. An taɓa zaɓensa cikin masu ɗaukar wutar gasar Olamfik, a watan Disamban 2004 kuma ya yi arangama da masu tsaron mawaƙin Amurka 50 Cent kan wurin zama a jirgin da zai kai su Fatakwal domin wani wasa da kamfanin Nigerian Breweries ya shirya. Shi ya bayyana abin a matsayin ƙin yarda da fifita baƙo a kan ɗan gida, amma manyan masu shirya wasanni sun juya masa baya shekaru da dama bayan haka. A 2005 ya kafa kamfaninsa, La Kreem. Tetuila ya yi shekarunsa na tashe sannan ya gwada siyasa, inda ya nemi takarar majalisar dokokin Jihar Kwara gabanin zaɓen 2015, Eddy kuwa, wanda muryarsa ce mutane ke bi idan ana «Shakomo», shi ne wanda aka fi daina jin ɗuriyarsa. A watan Afrilun 2025 hukumar NBC, wadda dokar kafa ta ce ta buɗe hanyar da Raypower ta bi ta fito da su, ta aika wa gidajen rediyo da talbijin takardar hana sa wata sabuwar waƙar Eedris mai suna «Tell Your Papa», wadda ya yi kan tsadar rayuwa a zamanin mulkin Shugaba Bola Tinubu.